Kunnen kare: yadda ake tsabtace shi ba tare da an cutar da shi ba, da abin da ya haɗa hakan da lafiyar unguwa

A Gwammaja, unguwar da gidan Mambayya na marigayi Malam Aminu Kano yake, kamar sauran unguwannin ƙaramar hukumar Dala da ke cikin ganuwar Kano, ba kasafai ake ajiye kare don sha'awa ba. Akasarin karnukan da ake gani na aiki ne: masu gadin gareji da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, da waɗanda 'yan sintiri ke zagayawa da su cikin dare, sai kuma na 'yan farauta. A 'yan shekarun nan ne wasu matasa suka shiga kiwon karnukan ƙasashen waje irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel, wasu don tsaro, wasu don sayar da 'ya'yansu.

Duk waɗannan karnuka da kunne da hanci suke aiki. Kare yana jin siririyar ƙarar da ta ninka iyakar jin ɗan Adam fiye da sau biyu, yana kuma da tsokoki fiye da 12 a kowane kunne da ke juya shi zuwa inda motsi yake. Karen da kunnensa ke ciwo jinsa yana raguwa, barcinsa yana ƙwacewa, kuma saurin cizo yana ƙaruwa gare shi idan aka taɓa kansa. A lungun da gidaje ke manne da juna, yara na wasa a bakin ƙofa, wannan ya zama batun da ya shafi maƙwabta ma.

Yadda kunnen kare yake

Ramin kunnen mutum kusan a miƙe yake. Na kare kuwa sai ya gangara ƙasa tukuna, sannan ya yi kwana zuwa ciki kafin ya kai ga dodon kunne, wato siririyar fatar da ke karɓar sauti. Wannan kwanar tana kare dodon kunnen daga rauni, amma kuma ita ce ke riƙe danshi da datti, iska ba ta ratsa ta sosai. Daga waje ba a iya ganin abin da ke bayan kwanar sai da na'urar hasko cikin kunne da likitocin dabbobi ke amfani da ita.

Lafiyayyen kunne da kansa yake share kansa. Fatar cikinsa tana sabuntuwa tana turo tsohon maiƙo da ƙura zuwa waje a hankali. Alamarsa ita ce fata mai ɗan ja-ja kaɗan, babu wari, babu kumburi, sai ɗan maiƙo mara yawa. Kunnen da yake haka ba ya buƙatar a zuba masa komai. Yawan wanki yana jiƙa fatar ciki ya raunana ta, har ya buɗe ƙofa ga ciwon da ake gudu.

Karnuka sun bambanta a nan. Karen gida mai tsayayyun kunnuwa da gajeren gashi ya fi samun iska a kunne. Masu faɗaɗɗun kunnuwa da ke rufe ramin, da masu gashi a cikin kunne irin su Lhasa, sun fi saurin tara danshi, don haka sun fi buƙatar sa ido.

Abubuwan da ke kawo ciwon kunne a yanayin Kano

Na farko shi ne ƙuda mai cizo. Wannan ƙuda ya yi kama da ƙudan gida, sai dai jini yake sha, da rana yake cizo, kuma yana hayayyafa a jiƙaƙƙen kashin dabbobi da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Yakan sauka a kan tsinin kunnen kare, ko a inda kunnen ya lanƙwashe, ya yi ta cizo har wurin ya zama gyambo mai baƙin ɓawo. A unguwannin da ake turke tumaki da awaki a cikin gida ko a bakin lungu, ya fi yawa a lokacin damina.

Na biyu ita ce kaska. Jar kaskar kare tana son cikin fatar kunne da tsakanin yatsu, kuma ta bambanta da sauran kaska domin tana iya kammala rayuwarta a cikin gida, tana ɓuya a tsagar bango da ƙasan tabarma. Bayan ciwon da take yi wa fata, tana yaɗa cututtukan jini da ke sa kare zazzaɓi da rama da ƙarancin jini.

Na uku su ne wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya iya ganinsu sosai, waɗanda ke zama cikin ramin kunne. Sun fi kama 'yan kwikwiyo da kyanwoyi, suna kuma bi daga wannan dabba zuwa waccan. Dattin da suke haifarwa baƙi ne, busasshe, kamar garin gawayi. Akwai kuma ƙazuwa, wadda takan fara daga gefen kunne da gwiwar hannu, gashi ya zube, ƙaiƙayi ya yi tsanani. Wani nau'inta yana iya sa wa mutumin da ke taɓa karen ƙaiƙayi na ɗan lokaci.

Na huɗu shi ne abin da ya faɗa cikin kunne daga waje. Karnukan farauta da ke kutsawa cikin daji bayan kaka sukan kwaso ƙarangiya da tsinin ciyawa. Idan kare ya fita lafiya ya dawo yana kaɗa kai da ƙarfi yana karkata shi gefe guda, wannan ne abin da za a fara zargi.

Na biyar, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne borin jiki, wato rashin jituwar jikin kare da wani abinci ko ƙura ko furen ciyawa. Likitocin dabbobi suna ɗaukarsa a matsayin babban dalilin ciwon kunnen da ke warkewa ya dawo. Idan fatar ciki ta kumbura, sai ƙwayoyin bakteriya da yis da dama can suke zaune a fatar ba tare da illa ba su samu damar yaɗuwa, daga nan wari da mugunya su biyo baya.

Kowane lokaci na shekara da nasa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana kawo danshi da ƙuda da kaska. Hunturu yana kawo ƙura da bushewar fata. A zafin bazara kuma masu karnuka kan yawaita watsa musu ruwa don su huce, ruwan ya shiga kunne ya kwanta.

Alamomin da ke cewa a dakata da wanki

Dubawa sau ɗaya a mako ta wadatar: a ɗaga kunnen, a duba launinsa, a shinshina. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, maganar wanki a gida ta ƙare, sai a nemi likitan dabbobi: mugunya ko jini, wari mai ƙarfi, kunne ya yi ja ya yi zafi, kare yana kuka ko yana kai cizo idan an taɓa wurin, kansa ya karkace gefe guda, yana tangaɗi ko zagaye a wuri ɗaya, idanunsa na rawa, gefe ɗaya na fuskarsa ya saki, ko kuma ya daina amsa kira.

Dalilin dakatawar shi ne dodon kunne. Ciwon da ya daɗe yana iya huda shi, kuma mai kare ba shi da hanyar sanin haka. Idan ya huje, duk abin da aka zuba zai wuce ciki inda gaɓoɓin ji da na daidaita tsayuwa suke. Wasu magungunan ɗigawa, musamman masu ɗauke da gentamicin ko neomycin, da wasu ruwan wanke ciwo irin chlorhexidine mai ƙarfi, suna iya jawo kurumta ta har abada a irin wannan hali.

Akwai kuma kumburin fatar kunne, inda za a wayi gari a ga kunnen ya cika ya yi taushi kamar an hura masa iska. Jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi saboda yawan kaɗa kai. Huda shi da allura ko reza a gida ba ya magani, sake cika yake yi, ga kuma ƙwayoyin cuta da za su shiga. Idan aka bar shi haka nan, kunnen yakan tattare ya nannaɗe.

Yadda ake wankin

Idan kunnen ba shi da ɗaya daga cikin waɗancan alamomi, sai dai maiƙo da ƙura da suka taru, ana iya tsabtace shi a gida. Kayan aikin su ne ruwan wanke kunne da aka yi musamman domin karnuka, wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi, da auduga ko bandeji mai tsabta, da safar hannu, da ɗan abin ci da karen yake so.

A zaɓi lokacin da karen yake a natse, a wurin da babu yara. Mutum biyu ake buƙata, kuma wanda karen ya fi sabawa da shi ne zai riƙe shi. Ga babban kare, a sa masa takunkumi ko da an san shi da sanyin hali, domin zafi yana sauya halin dabba.

A riƙe kwalbar a tafin hannu na ɗan lokaci don sanyin ruwan ya ragu. A ɗaga fatar kunnen sama a hankali, wanda hakan ke ɗan miƙar da ramin. A zuba ruwan har ya cika ramin, ba tare da bakin kwalbar ya taɓa fata ba, don kada a ɗauki cuta daga wannan kunne a kai wancan. Sai a murza gindin kunnen daga waje da yatsu na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za a ji ruwan yana motsi a ciki, alamar yana narkar da dattin.

Daga nan a saki karen ya kaɗa kansa. Kaɗawar ce ke fito da dattin da ke can ƙasa. A naɗa auduga a yatsa a goge abin da ya fito, da lunguna na fatar kunnen, iyakar inda yatsa ya shiga ba tare da tursasawa ba. A sauya auduga kafin a koma ɗaya kunnen. Idan an gama a ba karen abin da aka tanada, domin gobe ya yarda a sake taɓa shi, sannan a wanke hannu da sabulu. Idan karen ya yi kukan zafi a tsakiyar aikin, a tsaya nan take.

Wanda bai samu ruwan wankin ba, ya tsaya ga goge fatar waje da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan gishiri irin na asibiti, kada ya zuba komai a ramin. Lokacin yi wa kare wanka kuma a kauce wa watsa ruwa a kansa, a goge kan da jiƙaƙƙen tsumma, a busar da kunnuwa bayan an gama.

Ita kaska da hantsaki ake cire ta. A kama ta dab da fata a ja a miƙe a hankali, ba tare da murɗawa ba, a jefa ta a cikin abin da za ta mutu, kada a fasa ta da farce. Cire ta daga jikin kare kaɗai ba ya isa sai an yi maganin makwancinsa da tsagogin bango. Game da ƙuda, a wanke gyambon, a shafa man da likita ya bayar, a riƙa kwashe kashin dabbobi kullum, a kuma tanadar wa karen inuwa, idan da hali mai ragar waya, da zai fake da rana.

Abubuwan da ba a sa wa kunnen kare

Mutane da yawa sun saba sosa kunnensu da tsinken auduga ko ashana ko gashin kaza, sai su ɗauka haka za a yi wa kare. A kunne mai kwana, tsinke tura datti yake yi zuwa ciki ya danƙare shi a kan dodon kunne, kuma kare na iya fizge kai a kowane lokaci tsinken ya soke shi.

Sifirit yana ƙona fatar da ta riga ta kumbura. Dettol da Izal an yi su ne don wasu ayyuka dabam, kuma suna iya zama guba ga dabba idan ta lasa. Manja da man gyaɗa suna toshe ramin su riƙe datti. Kananzir da baƙin man inji, da wasu ke shafa wa gyambo ko ƙazuwa, suna ƙona fata, kuma karen zai lashe su ya haɗiye.

Mafi haɗari su ne magungunan ƙwari na gona irin su Sniper da fiya-fiya, masu ɗauke da sinadarin dichlorvos. Wannan guba tana ratsa fata ta shiga jiki, ta sa kare dalala da karkarwa da shiɗewa har ya mutu, kuma wanda ya shafa ta da hannu shi ma bai tsira ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Haka nan ba a ba kare magungunan rage zafi na mutane: ibuprofen yana iya lalata masa ciki da ƙoda, farasitamol kuma yana taɓa hanta idan ya wuce kima.

Yanke kunne

Al'ada ce sananniya a yanke wa ɗan kwikwiyo kunne, wasu da nufin ya yi zafin rai, wasu don kada abokin faɗa ko naman daji ya samu abin kamawa, wasu kuma da tunanin hakan zai hana ciwon kunne. Babu hujjar ilimi da ta tabbatar da cewa yankan yana hana ciwon. Abin da aka tabbatar shi ne azabar da ɗan kwikwiyon ke sha idan aka yi da reza ba tare da kashe zafi ba, da zubar jini, da gyambon da ƙuda ke bi. Yarjejeniyar Turai kan kare haƙƙin dabbobin gida ta 1987 ta hana yankan kunne don ado, haka ma dokar Ingila ta 2006. A Arewacin Najeriya, kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960 ya sanya zaluntar dabbar gida cikin laifuka.

Ta fuskar addini ma, malaman fikihu sun halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawansu sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata, kuma wanda ya riƙe dabba an ɗora masa ciyar da ita da kau da cuta daga gare ta. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa sananne ne a makarantun Kano.

Inda lamarin ya haɗu da lafiyar jama'a

Mai wanke kunnen kare yana sa hannunsa dab da bakinsa, don haka batun allurar rigakafin cutar haukan kare yana gaba da komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta. Da zarar alamominta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar farko yana da wata 3, a riƙa maimaitawa kamar yadda likita ya tsara, a kuma adana katin. Kada a taɓa kan karen da ba a san tarihinsa ba, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, ko wanda yake dalala ya kasa haɗiya. Wanda kare ya ciza ko ya yakushe ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya wuce asibiti a ranar domin allurar bayan cizo, ko da ciwon ƙarami ne.

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, yaɗuwar cutar yana katsewa. A kan haka ne hukumomin duniya suka sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030, kuma ake tunawa da cutar a ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara. Najeriya tana da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom ta jihar Filato, wadda aka kafa a 1924 kuma take sarrafa allurar karnuka. An sabunta dokar daƙile cututtukan dabbobi a 2022, sannan a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna da tambayoyin da za su iya kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha: nawa aka ware wa rigakafin karnuka, yaushe aka yi na ƙarshe a mazaɓar, kuma a wane asibiti ne wanda kare ya ciza zai samu allura a kan farashin da talaka zai iya biya. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana.

Batu na biyu shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Duk lokacin da aka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da gwaji ba, aka ɗiga na kwana biyu aka daina, ana horar da ƙwayoyin ne su saba da shi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wasu ƙwayoyin da ke ruɓar da kunnen kare, irin su Pseudomonas, suna cikin waɗanda ke wahalar da likitoci a asibitocin mutane.

Inda za a nufa

Mazauna Gwammaja da kewaye suna iya zuwa asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke Gwale, ko asibitoci masu zaman kansu da ke cikin gari. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi don lalurorin da suka yi tsanani. Likitan ƙwarai zai hasko cikin kunnen ya tabbatar dodon kunne lafiya yake, ya ɗebi ɗan datti ya duba a madubin likita don ya san ko ƙwari ne ko yis ko bakteriya, sannan ya rubuta magani. Mai kare yana da damar tambayar ko wanda zai duba dabbarsa yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya.

Idan an karɓi magani, a kammala kwanakin da aka ɗiba ko da kunnen ya yi kamar ya warke, a kuma koma a sake dubawa. Ciwon da aka bari ya shekara yana sa ramin kunne ya yi kauri ya tsuke, har ya kai inda babu mafita sai tiyata, wadda kuɗinta ya ninka na ganin likita a makon farko sau da yawa.